Ɗana yana wankin ƙoda: in bar shi ya koma filin ƙwallo?

Wata uwa daga Misfala, a Makka, ta aiko da wannan tambaya: "Ɗana shekararsa 17. Wata 8 ke nan ana yi masa wankin ƙoda sau 3 a mako, Lahadi da Talata da Alhamis, ta fistular da aka yi masa a hannun hagu, wato jijiyar da ake soka wa allurar wankin. Da can kullum yana filin ƙwallo da yaran hara, wato unguwarmu. Tun da aka fara wankin na hana shi fita saboda tsoro. Yanzu daga asibiti sai ɗaki, sai waya. Ya rame, ba ya son magana, abokansa sun ja baya. Yana roƙona in bar shi ya koma ƙwallo, ya shiga nadi wurin ɗaga ƙarfe, ya riƙa bin abokai istiraha, wato wurin shaƙatawa da ake taruwa a yi hira a ci abinci. In bar shi?"

Hajiya, sannu da jinya. Ya mai jikin? Allah Ya ba shi lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a sashen wankin ƙoda a nan Jidda, kuma babu uwar da ta taɓa kawo mana yaro ba tare da irin wannan tsoron naki ba. Ban ga laifinki ba ko kaɗan. Amma ki bar shi ya fita. Zaman ɗakin nan da kike gani kamar kariya yana cinsa ta wani ɓangaren da ba a gani da wuri.

Bari in nuna miki abin da ke faruwa a jikinsa. Ƙodar da ta gaza ba fitsari kaɗai ta daina tacewa ba. Ita ce ke fitar da sinadarin da ke umurtar ɓargo ya ƙera jini, shi ya sa masu ciwon ke fama da ƙarancin jini har ake yi musu allurar ƙarin jini da ta ƙarfe a wurin wanki. Dattin da ke taruwa a jini tsakanin jalsa da jalsa, wato daga zaman wanki ɗaya zuwa na gaba, yana sa tsoka ta riƙa zagwanyewa, injin wankin kansa kuma yana ɗauke wani abu daga cikin abin gina jiki duk lokacin da aka ɗora shi. Ki haɗa da awa 4 sau 3, awa 12 ke nan a mako yana kishingiɗe a kujera. In ya dawo gida ya ƙara kwanciya sauran kwanakin, cinyoyinsa za su tsotse, hawa bene ya koma aiki, ya gaji da ɗan abu kaɗan, gajiyar ta sa ya ƙara kwanciya. Ramar da kike gani, wani kaso nata daga nan take. Sannan ga zuciya. Abin da ya fi yi wa masu wankin ƙoda illa, har matasan cikinsu, ciwon zuciya ne da na jijiyoyin jini, kuma motsa jiki yana cikin 'yan abubuwan da ke hannun mai ciwon da kansa wajen taimaka wa zuciyar.

Akwai wani yaro da muka yi jinya, sa'ar ɗanki ne ko ya ɗan girme shi. A keken marasa lafiya yayansa ke turo shi daga bakin ƙofa, alhali babu abin da ya sami ƙafafunsa sai kwanciyar shekara guda. A zaune yake salla. Ranar da muka fara, na ajiye masa kujerar roba, na ce ya rungume hannu a ƙirji ya tashi ya zauna iya yadda zai iya cikin sakan 30. Sau 6 ya yi, gwiwoyinsa na rawa, ya sunkuyar da kai don kunya. Na ce ya riƙa yin haka a gida safe da yamma, ya ƙara da zagaya tsakar gida. Bayan wata biyu da ƙafarsa ya shigo daga wurin ajiye motoci. Ina soka masa allura ya ce mini a hankali, don kada na kusa da shi ya ji, jiya ya yi sujada ya miƙe bai dafa bango ba. Har yanzu ina tuna fuskarsa.

Wannan ba ra'ayina ni kaɗai ba ne. Ƙungiyar KDIGO, mai fitar da ƙa'idojin kula da ciwon ƙoda da likitoci ke bi a duniya, a jagorarta ta 2024 ta shawarci manya masu ciwon su samu minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko gwargwadon abin da zuciya da jiki za su ɗauka, yara kuma a ƙarfafa su su doshi minti 60 a rana kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa sauran yara. Ɗanki ba zai fara daga nan ba, can ne dai aka nufa.

Kafin komai, a jalsa ta gaba ku nemi ganin likitansa, a faɗa masa a fili cewa yaron yana son komawa wasa. A tambaye shi nawa jininsa yake, domin akasari ana son ya zauna tsakanin 10 da 12, kuma in ya yi ƙasa sosai ko tafiya haki za ta sa shi. A tambayi fotasiyam ɗinsa na watannin baya, wato sinadarin da in ya taru a jini yake taɓa zuciya, a tambayi yadda hawan jininsa yake tsakanin jalsa da jalsa, da ko an yi masa hoton zuciya kwanan nan. Tambaya ta ƙarshe ita ce mutane suka fi mantawa: yaya ƙashinsa? Ciwon ƙoda yana rikita kalsiyam da fosfaras da sinadarin wata 'yar halitta da ke wuya, har ƙashi ya yi rauni ya karye da faɗuwar da ba ta kai ta kawo ba. In likita ya ce sakamakon ƙashin bai yi kyau ba, to maganar gwabzawa a fili sai a jinkirta, a tsaya kan tafiya da keke tukuna.

Da tafiya zai fara, minti 10 zuwa 15, a ranakun da ba ya wanki, kowane mako ya ƙara minti 2 ko 3. Ma'aunin da muke koya musu mai sauƙi ne: ya yi saurin da zai ji numfashinsa ya ɗaga amma yana iya yi wa na kusa da shi magana. In magana ta gagara, ya wuce gona da iri, ya rage. Ranar wanki bayan an sauke shi daga inji ba ranar wasa ba ce. An zare masa ruwa lita 2 ko 3, jini na iya faɗuwa ya yanke jiki, ga maganin hana jini daskarewa da ake sa wa a inji yana nan a jikinsa na wasu sa'o'i, ƙaramin rauni sai ya yi ta zuba. Wasu cibiyoyin suna da ɗan keken ƙafa da ake tuƙawa ana kan inji, cikin awa 2 na farko. In akwai a nasu, ya nema.

Zafin Makka kuwa ke kin fi ni saninsa. Garin da rani ke haura digiri 45, har hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, ba garin da mai ƙididdigar ruwan sha zai fita gudu da rana ba ne. Bayan asuba ko bayan isha'i, su ne lokutansa. In dare ma ya yi zafi, manyan kantunan nan masu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, wuri ne mai kyau na tafiya, ƙasa a shimfiɗe, ga kujerun hutawa. Mu nan Jidda bakin teku muke tura su da daddare.

Ku kuma Allah Ya ba ku abin da ba kowa ke da shi ba. Ɗawafi tafiya ce, sa'ayi tsakanin Safa da Marwa kusan kilomita 3 ne a wuri mai sanyi, kuma yaron da ya ƙi fita don motsa jiki sau da yawa ba ya ƙin zuwa Harami. Sai dai a lura da abu biyu. Mai ɗawafi Ka'aba tana hagunsa, nan ne matsi ya fi yawa, kuma nan ne fistularsa take. Ya hau bene inda ya fi sarari ko da zagayen ya fi tsawo, ya naɗe hannun a ƙirji, ya guji lokutan cunkoso irin na goman ƙarshe. Na biyu, Zamzam. Na san nauyin wannan magana a zuciyar Musulmi, amma duk kofin da ya sha yana cikin lissafin ruwansa na ranar. Ya kurɓa da niyya, ya shafa a fuska da kai, kada ya cika ciki.

To, ƙwallo. Ba zan ce miki babu haɗari ba. Fistula jijiya ce da aka haɗa da babbar hanyar jini, tana nan dab da fata, jini na gudu a cikinta da ƙarfi, kuma ita ce hanyar rayuwarsa a yanzu. Bugu mai ƙarfi a kanta na iya sa ta kumbura, ta toshe, ko ta fashe. Saboda haka tsaron gida ya fita daga lissafi gaba ɗaya, domin gola da hannu yake tare ƙwallo. Gasar hara ta Ramadan, inda ake shiga da ƙafa biyu ana ture juna saboda kofi, ita ma ban yarda da ita ba a yanzu. Amma tsakanin wannan da zaman ɗaki akwai fili mai faɗi. Ya fara da ba-ni-in-ba-ka shi da aboki ɗaya ko biyu, da bugun fanareti, da juya ƙwallo tsakanin duwatsu. In ya yi wata ɗaya ko biyu yana tafiya ba matsala, likita kuma ya amince, ya shiga wasan mutum biyar-biyar da abokan da suka san halin da yake ciki, minti 10, ya fito ya huta, ya koma in jiki ya ba shi. Ya sa wa hannun riga mai laushi da ɗan kauri wadda ba ta matse ba. Kada agogo ko wani ɗauri ya hau wannan hannun. Kafin wasa da bayansa ya ɗora yatsu a kan fistular ya ji wannan 'yar girgizar mai kama da ta waya in an kira ta. In ya ji shiru, asibiti a daren, ba a jira safiya.

Ki gaya masa labarin Ivan Klasnic, ɗan ƙwallon Kuroshiya da ya buga wa Werder Bremen ta Jamus. An yi masa dashen ƙoda a 2007, ya dawo fili, ya ci ƙwallaye a gasar cin kofin Turai ta 2008. Alonzo Mourning na Amurka an yi masa dashe a 2003, ya ɗauki kofin ƙwallon kwando da Miami Heat a 2006. Har gasar duniya ake yi ta waɗanda aka yi wa dashe, tun 1978 da aka fara ta a Ingila. Waɗannan duk bayan dashe ne, da likitoci a kansu dare da rana, ba ina cewa ɗanki ya kwaikwaye su gobe ba. Amma yaro mai shekara 17 yana buƙatar ya san akwai gaba. Kuma wanda ya je ɗakin tiyatar dashe da ƙarfi a jikinsa ya fi saurin miƙewa a kan wanda ya je a tsotse.

Maganar nadi ta fi ƙwallon tayar mini da hankali, kuma ba don ƙarfen ba. Ɗaga abu mara nauyi sosai, sau 10 zuwa 15 a jere, yana gina tsokar da muke nema, musamman ta cinya da baya. Kada dai ya riƙe numfashi yana yunƙuri, domin hakan na harba jini sama, kuma hannun fistula ba na ɗaukar nauyi mai yawa ba ne, likitan jijiyar da ya yi aikin shi zai faɗi iyakarsa. Abin da nake tsoro shi ne abin da ake miƙa wa yara a can. Garin furotin na gwangwani, da kiriyatin, da abin sha na ƙara kuzari, da allurar kumbura tsoka da wasu ke sayarwa a ɓoye. Gaskiya ne mai wanki yana buƙatar furotin fiye da wanda bai fara ba, amma daga ƙwai da kaza da kifi da nama, ko abin da mai kula da abincinsa a asibiti ya rubuta, domin yawancin garin nan ba ka san fotasiyam da fosfaras ɗin da ke ciki ba. Sai kuma maganin ciwon jiki. Yaro ya buga ƙwallo ya ji tsami, aboki ya ciro Brufen ko Voltaren daga aljihu ya ba shi. Wannan dangin magani yana ƙarasa ɗan sauran aikin da ƙodar ke yi, yana ɗaga fotasiyam, yana iya sa ciki zubar jini. In har yana ɗan yin fitsari yanzu, wannan ɗan fitsarin dukiya ne, shi ke ba shi sararin shan ruwa. Panadol ne nasa, a kan adadin da likita ya faɗa. Ƙaho ma, da ake yawan yi a ƙasar nan, kada a yi masa sai da sanin likita, haka jiƙe-jiƙen gargajiya da ake aiko mana daga gida.

Yanzu istiraha, wadda a ganina ita ce zuciyar tambayarki. Ki duba jadawalinsa. Yana wanki Alhamis, ba zai sake ba sai Lahadi. Wannan shi ne dogon tazara, kwana biyu cur babu inji, kuma a cikinsa ruwa da fotasiyam suka fi taruwa. A cikinsa kuma ake ɗaurin aure da walima da zaman abokai, daren Juma'a da na Asabar. Safiyar Lahadi ita ce muka fi ganin yara sun zo da kumburarrun ƙafafu suna numfashi da ƙyar. Don haka ba zuwan ne matsala ba, abin da zai shiga bakinsa a can ne, kuma wannan abu ne da ake koya.

A ƙasar nan ba a zama sai da gahawa da dabino. Gahawar ba ta dame ni sosai ba, ɗan finjali ne, ya karɓi ɗaya ya girgiza kofin, alamar ya ishe shi. Dabino ne abin kula. Giram 100 nasa yana ɗauke da fotasiyam sama da miligiram 600, kusan ninki biyu na ayaba, kuma ba wanda ke ƙirgawa in hira ta yi daɗi. Fotasiyam in ya hau ba ya sallama, yana iya tsayar da zuciya ba tare da wani ciwo ya gabata ba. Ya tambayi mai kula da abincinsa ƙwaya nawa aka yarje masa, ya tsaya a nan. Haka lemon zaƙi da ruwansa, ayaba, mangwaro, soyayyen dankali, da miyar tumatir mai kauri. Shinkafar kabsa ko mandi da naman da ke kanta ba laifi, ya ci ya ƙoshi daidai. Tsirenmu, da mutanen Hijaz suka karɓa suke ce masa siriya, namansa alheri ne gare shi, sai dai ya kakkaɓe yajin, don ƙuli-ƙuli ne da gishiri da dunƙule. Baƙin lemon kwalba akwai fosfaras a ciki, laban, wato nono, da cuku ma haka. Ƙwayoyin nan da aka ce ya sha tare da abinci don su kama fosfaras, ya zuba 'yan kaɗan a aljihun jallabiya, domin in an sha su bayan an dawo gida sun rasa amfaninsu. Shisha da sigari da wannan na lantarki da yara suka ɗauka, babu sassauci a kansu. Suna lalata jijiyoyin jini, fistular kuma jijiya ce.

Ruwa shi ne jarrabawar da ta fi kowace wuya, balle ga mai wasa a Makka. Ƙa'idar da aka fi ba su ita ce rabin lita a kan adadin fitsarin da ya yi jiya, amma likitansa ne zai yanke nasa. Shayi, kunu, fura, farfesu, kankana, duk ruwa ne. Wani yaronmu gora ɗaya yake cikawa da safe, ya ja mata layi uku da alƙalami, ɗaya na azahar, ɗaya na magariba, ɗaya na dare, duk inda za shi tana hannunsa, in aka ba shi shayi a wani wuri sai ya zubar da kwatankwacinsa daga gorar. Tsotsar ƙanƙara, kurkure baki da ruwan sanyi a tofar, ɗan yankin lemon tsami a harshe, duk suna kashe ƙishirwa. Babban mai jawo ta kuwa gishiri ne, don haka in kin rage gishiri da dunƙule da kanwa a tukunyar gida, kika raba shi da indomi da cibs, kin yi masa rabin aikin. Kada ki sayi gishirin nan da ake cewa na masu hawan jini, da fotasiyam ake yinsa. In yana zufa sosai a wasa, ya hau sikeli kafin ya fita da bayan ya dawo, ya rubuta, ya nuna a asibiti. Da wannan ne za a san ko a ƙara masa ɗan ruwa a ranakun wasa, ba da ƙiyasi ba.

Akwai abin da kika faɗa a tsakiyar tambayarki da ya fi tsaya mini a rai: ba ya son magana. Hajiya, ciwon damuwa ya yi yawa a cikin masu wankin ƙoda, kuma a matasa yakan zo da siffar shiru, ko faɗa, ko ƙin shan magani. Saurayi ne. Sa'o'insa suna maganar jami'a da tuƙin mota, shi yana lissafin kofin ruwa. Hannunsa ya kumbura da tabon allura, yana jan hannun riga yana rufewa. Abokan da suka ja baya, yawancinsu ba gudunsa suka yi ba, ba su san me za su ce ba ne, wasu ma iyayensu sun ce kada a dame shi. Ki kira biyu daga cikin waɗanda ya fi yarda da su, da izininsa, su zo gida su ci abinci. Shi da bakinsa ya nuna musu hannun, ya bar su su taɓa su ji girgizar, ya gaya musu abin da za su yi in ya faɗi ko jini ya ɓalle: a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi, a kira motar asibiti a 997 ko 911. Abokin da ya san wannan shi zai hana a ba shi Brufen, shi zai ce a canza shi in ya ga yana haki. In kuma shirun ya wuce mako biyu yana ƙaruwa, ba barci, ba cin abinci, ko ya fara cewa ya gaji da rayuwa ko ba zai je wanki ba, ki faɗa wa likitansa a ranar. Akwai masu ba da shawara da likitocin wannan fanni, kuma zuwa wurinsu ba abin kunya ba ne.

Ki kuma fara sakar masa ragamar jinyar. Likitocin dashe sun daɗe da lura cewa shekarun nan, daga ƙarshen samartaka zuwa farkon ashirin, su ne aka fi asarar ƙodar da aka dasa, galibi saboda barin magani a lokacin da yaro ke fita daga hannun iyaye. Wanda uwa ke ƙirga wa ƙwaya har ya kai 20 bai koyi komai ba. Ya san sunan kowane maganinsa da aikinsa, ya san nauyin da ake so ya sauka a kai bayan wanki, ya riƙa karanta sakamakon gwajinsa da kansa. In makaranta ce ta tsaya, a nemi a mayar da shi jalsar yamma. In abokai za su Madina a jirgin ƙasa ko su hau Ɗa'if shan iska, tafiyar yini ɗaya a ranar da ba wanki ba ta gagara ba, mai tsawo kuma ana shirya jalsa a can tun kafin a tashi, da takardun gwajinsa a hannu. Azumi kuwa magana ce tsakaninsa da likitansa da malami, kada ya ɗauka don kunyar abokai.

Saboda masu karatu da nasu yanayin ya bambanta: wanda ake wa wanki ta robar wuya ko ƙirji, wadda ake ce wa ƙasɗara, ba ya iyo, ba ya barin wurin ya jiƙe da ruwa ko zufa ta zauna a ƙarƙashin filasta, kuma wasan gogayya ba nasa ba ne sai an cire ta. Mai fistula yana iya iyo in ramukan allura sun rufe. Wanda ake wa wankin ƙoda ta hanyar zuba ruwa a ciki ya zubar da ruwan cikin kafin tsalle ko ɗaga nauyi, iyo kuma sai da izinin ma'aikatansa da rufin da ruwa ba ya shiga. Wanda aka yi wa dashe, sabuwar ƙodar a ƙasan mara take, babu haƙarƙarin da ya kare ta, ga magungunan rage garkuwar jiki, don haka dambe da kokawa sun fita, cunkoso kuma sai da takunkumi, musamman watannin farko. Wanda ciwonsa bai kai ga wanki ba, yawanci yana iya kusan duk wasan da sa'o'insa ke yi, kuma shi ba a taƙaita masa ruwa sai likita ya ce, rashin ruwa a zafi ma illa yake yi masa. 'Yan mata kuma kada a bar su a baya, don su aka fi mantawa a ɗaki. Tun 2017 aka shigar da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata na gwamnati, wuraren motsa jiki na mata sun yawaita, tafiya da 'yar uwa bayan isha'i kuma ba ta buƙatar ko riyal ɗaya.

Dole in faɗi wani abu da na san yana faruwa a cikin jama'armu. Akwai waɗanda matsalar iƙama, wato takardar izinin zama, ko kuɗi ke sa ba sa samun wanki sau 3, sai sau 2 ko ɗaya, ko sai jiki ya rikice a kai su gaggawa. Duk abin da na faɗa a kan ƙwallo da nadi bai shafi mai wannan hali ba. Wanda ya tsallake jalsa jininsa cike yake da ruwa da fotasiyam, gudu a wannan yanayi na iya zama ajali. Shi tafiya a hankali da zama cikin mutane ne nasa, har Allah Ya kawo hanyar wanki a kai a kai. Ɗanki ma, duk ranar da ya rasa jalsa, ko yana zazzaɓi, ko awon jininsa ya kai 180 bisa 110, babu wasa. In kuma yana cikin wasa ya ji ciwon ƙirji, ko zuciya na bugawa ba daidai ba, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa bayan ya huta, ko ƙafafu suka yi nauyi kamar ba nasa ba, ya tsaya nan take a kai shi asibiti.

Ranar Lahadi in za ku je, ki ba shi takarda ya rubuta tambayoyin nan da hannunsa, ki zauna a gefe ki bar shi ya yi wa likita magana. Ranar Litinin bayan isha'i kuma ki sa ɗaya daga cikin abokan nan ya zo ya ɗauke shi, su taka minti 10 su dawo. Takalmin ƙwallonsa ki fito da shi daga inda kika ɓoye, ki ajiye masa a bakin ƙofa. In kun ga likitan, ki sake rubuto mini abin da ya ce game da jinin da ƙashin, sai mu tsara masa makonni 8 na farko tare. A gaishe da mai jiki.